Janaretan Tanimu Tela

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Tanimu ake ce masa, tela ne, shagonsa na ƙarshen layin teloli. Ku saurara, jama'a.

Shekarar nan wuta ta yi tsada, fetur ya fi ta tsada. A duk layin Tanimu kaɗai ke da janareta, sauran da keken ƙafa suke ɗinki. Sai gwamnati ta yi shela: duk mai sana'ar da ke ƙona mai a janareta za a ba shi sola kyauta, amma sai an zo an gani da ido.

Ciyaman na layin, Alhaji Mamuda, ya shigo shagon Tanimu ya zauna a kan benci.

"Tanimu, gobe za ka ba mu aron injinka. Masu dubawa suna fita daga shago, mu zagaya da shi ta baya zuwa na gaba. Kowa ya samu."

Tanimu ya ce, "Alhaji, ina jin tsoro."

"Tsoron wa? 'Yan gwamnati?"

"Tsoron Allah, Alhaji."

"To, Malam waliyyi! Wa ya ba ka shagon nan? Mai bayarwa yana iya karɓewa."

Ku ji fa. 'Ya'ya biyar gare shi, ba gona, ba wata sana'a. Ya koma gida ya kasa cin tuwo. Da safe, sau uku zare yana kuɓuce wa allura. Amma bai ba da injin ba. Suka je wata unguwa suka yi hayar wani, kuma ba wanda ya amsa sallamar Tanimu.

Jami'ar da aka turo dattijuwa ce. Ta shiga shago bakwai, ko'ina ga inji yana ruri. Da ta iso wurin Tanimu, sai ta wuce bayan shago ta shafa bango. Yatsanta ya fito baƙi ƙirin.

Ta juya ta dubi Ciyaman. "Alhaji, hayaƙin shekaru ke nan. Naku bangayen kuwa fes suke. Injinku ba ya hayaƙi ne?"

Ta soke sunaye bakwai, ta bar na Tanimu. Ciyaman kuwa, da aka kira shi ofis, ya manta da zancen karɓe shago.

To jama'a, bango ne fa! Bulo da siminti, ba baki, ba harshe, ya tsaya ya ba da shaida. Ina ga ranar da za a rufe bakunanmu, hannaye da ƙafafu su yi magana? Kai da ka sa sunan shagon da babu shi a takardar tallafi, hannun da ya rubuta yana jikinka, da shi za a tashe ka. Gaskiya ita ce mafita, ko da jiki na ɓari. Ku ji tsoron Allah. Allah ya rufa mana asiri ranar tonon asiri.