Babur ɗin da Bubayaro Ya Hana Fita

Akwai wani dillalin shanu da aka yi a Potiskum, ana ce masa Bubayaro. Bafulatani ne da ya baro daji ya zauna a gari. Duk wanda ya san Kasuwar Shanu a shekarun casa'in ya san shi, dogo ne, mai fara'a, mai rowa.

To, ba rowar abinci ba. Ka je gidansa ka ci ka ƙoshi har a zuba maka kindirmo. Rowarsa a kan abu ɗaya ta tsaya, wato babur ɗinsa.

Tun Potiskum tana cikin jihar Borno ya saye shi, ja wur, mai salansa biyu. Ya ɗan hau shi, sai ya ga yashi na dusashe masa fenti. Shi ke nan ya cika tanki fal, ya shigar da shi ɗaki, ya lulluɓe da zanen gado. Duk Juma'a sai ya yaye, ya goge, ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya mayar da lulluɓi, sannan ya tafi masallaci a ƙafa. Mutanen unguwa suka sa wa babur ɗin suna Amarya, tunda ba ta fita.

Maƙwabcinsa Almustapha, wani manomi, ya taɓa neman aro zai je gaisuwar rasuwa Damagum. Bubayaro ya ce, "Ayya, yau yana hutawa."

Da aka shiga wahalar man fetur, Hansatu mai injin markaɗe ta zo neman kwalba ɗaya don ta sallami matan da ke jiranta. Ya ce, "Yaya Hansatu, man da ya shiga tankin nan ba ya fita."

Ana nan sai 'yarsa Bara'atu, wadda ta dawo gida haihuwar fari, ta sami 'ya mace. Mijinta ya ce a sa wa jaririyar Hadizatu, sunan Gogo.

Gogo ƙanwar mahaifin Bubayaro ce, ita ta raine shi tun yana maraya. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, tana zaune a wata ruga can bayan Damagum. Ta sha cewa burinta ta riƙe takwararta a hannu kafin ta koma ga Allah. Damina ce, mota ba ta shiga rugar, ga shi motocin ma duk suna layin mai.

Bubayaro ya ba makiyayan da suka zo kasuwa saƙo, har da bugun ƙirji: "Ku ce wa Gogo ta ɗaure kayanta. Ni da kaina zan zo in ɗauko ta a kan babur."

Ana jibi suna ya fito da Amarya ƙofar gida. Ya buga kik, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Ya yi ta bugawa har hularsa ta faɗi, babur bai ko yi tari ba. Nan ya tuna Gogo, ya kuwa san halinta. In aka ce mata ana zuwa, za ta zauna a kan ƙullin kayanta ta fuskanci hanya, ba mai iya tashinta.

Haka ya tura babur yana haki zuwa garejin Muhammadu Lawan bakanike. Lawan Babarbare ne, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani.

"Yau kuma bawana ne da kansa?" in ji Lawan. "Har an fito da Amarya gaida ubangidanta?"

"Kai dai duba min, Lawan. Yau ba ni da bakin rama maka."

Lawan ya buɗe tanki ya shinshina, ya kawar da kai. Ya kwance kafireto, wato inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Da ya buɗe ƙasansa, sai ga wani abu ja-ja ya daskare a ciki kamar ƙaro. Tiyon mai ya bushe ya tsattsage. Cikin tanki kuwa tsatsa ta yi gida.

Bubayaro ya riƙe baki. "Wa ya yi min wannan aiki? Wallahi ba wanda na taɓa ba aro!"

Lawan ya yi dariya har da hawaye. "Ai shi ya sa! Fetur in ya daɗe a zaune ruɓewa yake yi. Da kana barin mutane suna hawa, da mai na gudana, da ba ka ga wannan ba. Kai ka kashe shi da gata, ɗan Fulani."

Maganar ta shige shi. Ya zauna a kan benci.

Lawan ya jiƙa kayan kafireto cikin kananzir, ya riƙa bin 'yan ramukan da siririyar waya ɗaya bayan ɗaya, yana hura su da famfon taya. Ya yanko sabon tiyo. Tanki kuwa ya ce sai an zuba tsakuwa da kananzir an yi ta girgizawa har tsatsar ta saki.

Bubayaro ya rungumi tanki ya fara girgiza. Kafin a jima kafaɗunsa suka mutu.

Sai ga Almustapha ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya ya ji abin da ake ciki. Bubayaro ya sunkuyar da kai yana jiran a tuna masa da gaisuwar Damagum. Almustapha ya ajiye fartanya ya ce, "Kawo nan, Malam Buba. Tsohuwa ba za ta yi zaman banza ba."

Kafin la'asar gindin bishiyar da ke garejin ya cika. Tela ya girgiza, mahauci ya girgiza, mai shayi ya karɓa yana rawa da shi, tsakuwa na kacau-kacau ana tafa masa. Aka ce ai yau ne bikin Amarya na gaskiya. Ana zubar da jan ruwa ana sake wani, har ya fito fes.

Washegari aka haɗa komai, saura mai. Bubayaro ya ce bari ya je wurin 'yan bumburutu, masu sayar da mai a bakin titi. Lawan ya ce atafau. "Man da aka gauraya da kananzir? A kafireton da na wanke da hannuna? Sai ya mutu muku a tsakiyar daji."

Kowa ya san wanda ke da mai mai kyau a unguwar. Hansatu ce, ƙaninta ya kwana biyu a layi kafin ya samo mata galan.

Tafiyar ba nisa, amma Bubayaro bai taɓa yin mai nauyinta ba. Ya yi sallama, ya gaishe ta, ya sake gaishe ta, ya tambayi injin, ya tambayi yara.

Hansatu ta ce, "Malam Buba, gaisuwar ta isa. Mai kake so?"

"Shi ne, Yaya Hansatu. Na san ban kyauta miki ba."

Ta dube shi ta yi murmushi. "Nawa man yana fita." Ta miƙo galan ɗin. "Yau mata sa yi daka a turmi. Ka gaida Gogo."

Aka zuba mai. Lawan ya yi bisimilla ya buga kik. Babur ya yi tari, ya yi atishawa, ya fesa baƙin hayaƙi, sannan ya ɗauka da wata murya mai daɗi. Unguwa ta kaure da sowa, mata na guɗa ta kan katanga. Bubayaro ya rungume Lawan ya manta da wasan bawa da ubangida.

Ya haye, ya ja. Bai kai ƙarshen layi ba babur ya fara tangaɗi, sai ga dillali cikin dangar karan wani gida, ƙafa a sama. Ashe shekarun da babur ya yi yana hutawa, shi ma hannunsa ya huta.

Da aka ga bai ji ciwo ba, mutane suka yi dariya mai isarsu. Lawan ya ɗaga shi yana kakkaɓe masa riga, sannan ya rage murya. "Buba, ban da wasa. A haka za ka goyo tsohuwa cikin taɓo?"

Bubayaro ya dubi makullin da ke hannunsa. Bai taɓa ba kowa shi ba, ko matarsa. Ya tuna Gogo a kan ƙullin kayanta. Ya juya ya kama hannun Almustapha ya danƙa masa.

"Ka san hanyar Damagum. Don Allah ka ɗauko min uwata."

Almustapha ya tafi da yamma, a kan zai kwana a rugar su yi sammako. Sai aka kwana ana ruwa.

Da safe ƙofar gida ta cika, an shimfiɗa tabarmi, ga goro, ga rago a ɗaure. Liman ya gyara zama. Bubayaro ya durƙusa gabansa ya ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan ƙara mana haƙuri." Ya koma bakin layi ya tsaya. Zuciyarsa na ta kawo masa kwari da zamewa, yana ta addu'a. Sai daga baya ya lura cewa ko sau ɗaya babur bai shiga addu'ar tasa ba.

Hantsi ya fara ɗagawa sai aka jiyo muryar salansa biyu.

Ga Almustapha nan, taɓo har gwiwa. Babur ya koma ruwan ƙasa, madubi ɗaya ya karye. A baya ga Gogo an ɗaure ta da zane a jikin direba, tana ta dariya da bakinta marar haƙori. Bubayaro ya wuce babur ɗin ko kallo bai yi masa ba, ya sauko da ita kamar jaririya.

Aka yi addu'a, aka raɗa suna. Aka shigar da Gogo ciki, Bara'atu ta ɗora mata Hadizatu a cinya. Tsohuwa ta shafa fuskar jaririyar da yatsunta, hawaye na zuba, tana faɗin alhamdulillahi ba ƙaƙƙautawa.

Can ta ɗago ta ce, "Buba, yaron nan ya ba ni labari a hanya. Wai wani ya wanke, wasu sun girgiza, wata ta ba da mai."

"Haka aka yi, Gogo. Ki yafe min, na ce zan zo da kaina ban zo ba."

Ta lalubo kansa ta dafa. "Mutum ɗaya na zauna jira, sai ga unguwa guda ta zo ɗaukata. Tun da ka baro daji nake kwana da tunanin ba ka da kowa a garin nan. Yau zan yi barci."

Da ya fito, Almustapha ya miƙo masa makulli yana ba da haƙurin madubi. Bubayaro ya ƙi karɓa. Ya ce a kai garejin Lawan a rataye a ƙusa, duk mai uzuri ya ɗauka.

Darasi: Abin da ka ƙulle don kada mutane su taɓa, zama ne zai lalata shi, kuma ranar da za ka buƙace shi mutanen nan da ka hana su ne za su tayar maka da shi. In Allah Ya ba ka abin amfani, bar shi ya yi amfani. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai wata Amarya a lulluɓe a ɗaki.