Zanin Da Ya Iso Ranar Asabar

Akwai wani mutum a Zongon Lome ana kiransa Souleymane. Yana aiki a wani kamfanin fiton kaya kusa da tashar jirgin ruwa, Faransanci a bakinsa kamar ruwan famfo. Da iyayen yara suka tashi zaɓen shugaban ƙungiyarsu a makarantar unguwa, ba a yi gardama ba. Aka ce ga mai boko, a ba shi.

Kafin zuwansa, labarin makaranta ta hanya biyu yake shiga gidaje. Malam Garuba ladan yakan faɗa a lasifikar masallaci bayan la'asar. Sannan akwai zauren WhatsApp na iyaye, inda mata ke aiko saƙon murya, wanda a nan ake kira vokal. Gaskiya zauren akwai hayaniya. Wannan ta yi gaisuwa har ta gaji, waccan ta saka tallar atamfa, wata ta sanar da suna. Amma a cikin hayaniyar nan kowa yana jin abin da ake ciki.

Souleymane ya ce wannan ƙauyanci ne. Ya kulle zauren, ya zama shi kaɗai ke iya aika saƙo, kuma a rubuce, da Faransanci. Ya je ya sami ladan ya ce masa a bar sanarwar makaranta a masallaci.

Malam Garuba ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, rabin matan unguwar nan da kunne suke karatu."

Souleymane ya ce, "To su koyi da ido, Malam. Zamani ya canza."

A gidansa akwai yarinya, Meimuna, 'yar yayarsa Asiyatu. Riƙonta yake yi saboda gidansa ya fi kusa da makaranta. Ita Asiyatu tana zaune a unguwar Kégué, tana toya masa kusa da filin ƙwallo. Ita ta raini Souleymane bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ita ba ta taɓa zama a aji ba, amma ita ce take goya shi zuwa aji lokacin da ƙafarsa ba ta yi ƙwarin tafiya ba.

Makarantar nan tana da wata al'ada mai kyau. Idan Disamba ta yi, an gama jarrabawar zangon farko, sanyin safiya ya fara sa yara zuwa da rigunan sanyi a kan yunifom, sai a yi taro kafin hutu. Duk yaron da ya zo na ɗaya a ajinsu za a kira sunansa ya fito tsakar fili. Uwarsa ce za ta taso da sabon zani ta yafa masa a kafaɗa, mata su rangaɗa guɗa. Ba uba ba, ba malami ba. Uwa. Yara suna shekara suna mafarkin zanin nan.

A bana Meimuna ce ta zo ta ɗaya a ajinsu. Direkta, wato shugaban makarantar, ya faɗa wa Souleymane, shi kuma da ya haɗu da yayarsa a wajen wani suna ya gaya mata da baki, ya ce taro ranar Asabar ne. Asiyatu ta rufe fuska da mayafi don daɗi. Washegari ta shiga babbar kasuwa ta yanko zani mai ruwan ganye, ta kai aka kalmasa masa baki.

Ana saura 'yan kwanaki, masu ba da hayar rumfa da kujeru suka ce Asabar an kama kayansu, akwai biki. Aka mayar da taron ranar Alhamis. Souleymane ya zauna ya tsara sanarwa da Faransanci mai kyau, babu kuskure ko ɗaya, ya aika zaure.

Da yamma Meimuna ta durƙusa kusa da shi. "Kawu, an gaya wa Mma an canza rana?"

Ya duba waya. Ya nuna mata sunan uwarta a cikin waɗanda suka buɗe saƙon. "Ga ta nan, ta gani."

"Ko za ka kira ta dai, Kawu?"

"Ke, in kowa sai na kira shi, me ye amfanin zauren? Je ki goge yunifom ɗinki."

Yarinya ta tashi. Ba a musu da kawu.

Ranar Alhamis Souleymane ya sa kwat ya zauna a babban teburi kusa da direkta. Kujerun iyaye da yawa babu kowa a kansu. Waɗanda suka zo, yawanci yaransu ne suka faɗa musu da baki. Da aka ba shi lasifika, ransa a ɓace, ya yi faɗa sosai. Ya ce akwai iyayen da kasuwa ta fi musu 'ya'yansu. Ya ce an aika saƙo, kowa ya buɗe, babu mai uzuri.

Aka fara kiran sunaye. Yaro ya fito, uwa ta taso, zani ya hau kafaɗa, guɗa ta tashi.

Aka kira Meimuna.

Ta fito tsakar fili ta tsaya, hannunta a baya. Ta duba ɓangaren mata. Ta duba ƙofa. Direkta ya kira sunan uwarta, ya sake kira. Mai gangan taron ya ɗaga sanda yana jira, har ya gaji ya sauke. Wata mata a baya ta ce, "Wayyo, marainiya ce?" Wata ta ce, "A'a, ga kawunta can a teburi."

Madam Akosiwa, malamar ajinsu, ta ciro gyalenta za ta yafa mata. Meimuna ta girgiza kai a hankali, ta karɓi takardar sakamakonta, ta koma layi kafaɗarta babu komai.

Souleymane ya ji kunya, amma sai ya juya kunyar ta zama fushi. A ransa ya ce Yaya ta tozarta shi a gaban mutane saboda tandar masa. Ya rantse ba zai kira ta ba, sai dai ita ta kira. Meimuna ba ta ci abinci ba a ranar.

Ranar Asabar da hantsi yana zaune a tsakar gida sai ya ji zemijan, baburan haya, sun tsaya a ƙofa. Asiyatu ta shigo cikin kwalliyar salla, da ƙawayenta biyu, ɗaya ɗauke da kular masa. A hannun Asiyatu akwai zani mai ruwan ganye a ninke.

Ta ce, "Sule, mun je makaranta ƙofa a kulle. Mai gadi ya ce an yi taro tun shekaranjiya. Na ce masa ƙarya yake, ƙanena ne shugaba."

Ya miƙe. "Yaya, ai na aika saƙo. Kin buɗe, na gani."

"Na buɗe mana. Duk abin da ka aiko ina buɗewa. Ina ganin sunanka da hotonka a sama, in ce Allah ya yi wa Sule albarka, in rufe."

"To me ya hana ki sa wani ya karanta miki?"

Ta ce, "Da farko ina kai wa ɗan mai gidanmu. Rannan ya ce, Hajiya, ƙanenki ne fa ya rubuta, bai san ba ki iya ba? Tun daga nan ban ƙara kai wa kowa ba. Na ce in abu mai muhimmanci ne, Sule zai faɗa min da baki."

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta ajiye kular ta ce, "Mu dai ga masa nan, mai boko. Ko ita ma sai an rubuta mata kafin a ci?"

Ba wanda ya yi dariya. Meimuna tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki.

Asiyatu ta zauna a kan benci, ta ciro wayarta daga jaka ta miƙa masa. "Karanta min. Daga farko, tun ranar da ka zama shugaba. Ka mayar min da Hausa."

Ya karɓa. Ya fara karantawa a tsaye kamar ɗan aji. Sanarwar allurar rigakafi. Sanarwar cewa a riƙa sa wa yara rigar sanyi da safe. Ranar da Meimuna ta wakilci makaranta a gasar karatu a unguwar Tokoin, aka gayyaci iyaye.

Asiyatu ta dubi 'yarta. "Kin je gasa?"

"Na je, Mma."

"Ci gaba, Sule."

Ya zo kan wani saƙo, ya tsaya. Ya nemi ya tsallake.

"Wannan dogon fa? Na gan shi. Karanta."

Muryarsa ta yi ƙasa. "An hana vokal. Wannan zaure na mutanen da suka waye ne. Wanda bai iya karatu ba, ya nemi wanda ya iya, kada ya dame mu."

Asiyatu ta gyara ninkin zanin a cinyarta.

Ta ce, "Ashe ni ce. Ni kuwa ranar da ya zo har addu'a na yi maka, don na ga ya fi sauran tsawo, na ce lallai Sule ya yi aiki."

Souleymane ya durƙusa a gabanta, wayar na hannunsa.

Ta ce, "Tashi, kada ka ɓata wando. Ba ni kaɗai ba ce a zauren nan. Ka je ka faɗa musu."

Nan take ya ɗauko tasa wayar, ya buɗe zauren ga kowa, ya danna wurin murya. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa da sunan mahaifiyarsa yadda tsofaffin unguwa za su gane shi. Ya ce faɗan da ya yi ranar Alhamis kansa ya kamata ya yi wa. Ya ce duk uwar da zaninta ya rage a jaka ta zo da shi ranar komawa hutu a Janairu, za a sake kiran sunaye, kuma Malam Garuba zai sanar a masallaci.

Wayar Asiyatu ta yi ƙara. Ga shi tsaye a gabanta, amma ta kara wayar a kunne ta saurara har ƙarshe.

Sannan ta kira Meimuna za ta yafa mata zanin. Yarinyar ta riƙe hannun uwarta ta ce, "Mma, ki ajiye. A fili nake so."

Darasi: Buɗe saƙo daban, jin saƙo daban. Sanarwar da uwa ba ta gane ba, ba a yi ta ba, kuma laifin na mai aikawa ne. Duk wanda ya riƙe alli ya san ba a cewa an koyar sai yaro ya fahimta, to haka iyaye ma. Muna neman shugabannin makarantun Zongo su gyara kafin wannan hutun ya ƙare: kowace sanarwa ta fita da murya, da harshen da ake magana da shi a gida, kuma wanda ya zargi iyaye a lasifika ya nemi gafararsu a lasifika. Ilimin da ka samu a bayan wata, kada ka kulle mata ƙofa da shi. Ku tura wannan zuwa zauren makarantar yaranku, in akwai wadda ba ta karatu a gidanku, ku karanta mata.