Dariyar Tajuddeen da Farin Ciko

Akwai wata ma'aikaciyar kula da haƙori a Gwandu, sunanta Yusra, wadda har yau in ta tuna ranar da ta fara ganin mijinta sai ta yi murmushi ita kaɗai.

Tajuddeen manomin albasa ne daga Kambaza. Ya shigo ɗakin aikinta dafe da kumatu, tsakuwar shinkafa ta fasa masa turmin haƙori. Yana cikin ciwo amma bai fasa barkwanci ba. Ta cike masa haƙorin da tsohon cikon nan mai kalar azurfa. Da zai fita ya ce, "Likita, in wani ya sake fashewa zan dawo." Babu wanda ya fashe, amma ya dawo.

Bayan aurensu da shekaru, aka kawo wa asibitinsu sabon farin ciko mai kalar haƙori, wanda ake busarwa da fitila mai shuɗin haske. Aka kuma gayyaci ma'aikata taron bita a Kalgo, don a koya musu aiki da shi.

Yusra ta ce, "Ciko ai ciko ne. Ni za a zaunar a benci kamar 'yar firamare?" Ba ta je ba.

Ana nan sai goruba ta ɓalle wa Tajuddeen gefen haƙorin gaba. Yusra ta ɗebo farin cikon, ta danna shi dunƙule guda kamar yadda ta saba da tsohon, ta ɗan haska fitila. Ya yi kyau. Mako bai zagayo ba ya faɗi.

"Malam, kai ne ba ka jin magana. Na ce ka bar abu mai tauri."

"Wallahi kunu kawai na sha, Likita."

Ta sake cikewa.

Daga nan gidan ya canza. Mutumin da ake jin dariyarsa tun daga zaure ya koma murmushi da baki rufe. In ta ba shi labari mai daɗi sai ya sunkuyar da kai. Yusra ta shiga damuwa. Ko ta ɓata masa ne? Ko ya gaji da ita?

Wata rana da hantsi ta tare shi a bakin ƙofa. "Malam, buɗe bakinka."

Ya buɗe. Cikon babu shi.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu." Ya sosa ƙeya. "Na ga yadda kike son aikinki. Na ce gara in rage dariya da in sa ki ji kunya."

Idanunta suka cika. Sai ta tuno wasu matan garin Malisa da ta yi wa irin wannan cikon ba su dawo ba. Da ta ɗauka ya zauna musu ne.

Da aka sake kiran bita, ita ta fara ba da suna. Tajuddeen ya raka ta har Kalgo, ya zauna a inuwa yana jira. A ciki, Dakta Khairiyya mai koyarwa ta nuna musu cewa farin ciko ba ya shiri da yawu ko kaɗan. Sai an tsane haƙori, an shafa maganin da zai kama shi, sannan a riƙa sa shi kaɗan-kaɗan, ana haska kowane kafin a ƙara wani. Yusra ta yi ta ɗaga hannu tana tambaya, ba ta ji kunya ba.

Da suka koma, sai da ta aika aka kira matan Malisa, ta sake musu cikon. Sannan ta zaunar da mijinta, ta yi aikin a natse. Ta miƙa masa madubi.

Ya duba, ya sake dubawa, ya fashe da dariyar nan tasa. "To yanzu a kawo goruba!"

"Kul!" Ta riƙe hannunsa. "Malam, na yi maka alkawari. Duk bitar da aka kira zan je, ko na tsufa ina dogara sanda. Ba za ka sake ɓoye mini dariyarka saboda girman kaina ba."

Darasi: Ƙwarewar jiya ba ta isa aikin yau ba. Idan muka ƙi ƙaro ilimi, masu ƙaunarmu ne ke fara cutuwa, kuma su yi shiru don kada su kunyata mu. Ku tura wa duk wanda lafiyar mutane ke hannunsa.