Sikelin Alhaji Tanimu

An ce wai a garin Jos an yi wani ɗan kasuwa, Alhaji Tanimu, mai sauka da dankali zuwa Lafiya ya hauro da doya. Yana da a-kori-kura mai turbo, wato abin da ke ƙara tura iska cikin inji don ya yi ƙarfi, yana kuma da amini tun na ƙuruciya, wani makanike Barau, wanda shi kaɗai ke taɓa motar. Tanimu mutum ne mai kyauta, sai dai gaggawa ta yi masa yawa, bakinsa kuma ba linzami. Ko ya tashi Barau daga cin abinci, ko ya yi masa tsawa gaban jama'a, amsar guda ce: "Ba komai."

Wata rana Tanimu ya zo yana huci, wai motocin abokan sana'arsa na wuce shi a Hawan Kibo, doguwar hawan dutsen da ke kan hanyar komawa Jos. Ya ce a sa masa turbo babba.

Barau ya ce, "Tanimu, ka bi a hankali. Akwai na'urar da ke auna iskar da ke shiga inji, ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar motar yawan man da za ta zuba. Tana da iyaka. Ka bari in samo babbar na'ura, in sake daidaita man, sannan a sa turbon."

Jira kuwa ba ya cikin halin Tanimu. Ya faki ido ya kai motar wani gari, aka ɗaura masa abin da yake so, bai gaya wa amininsa ba. A cikin gari motar ta riƙa tafiya lafiya lau, har yana yi wa tsoron Barau dariya a ransa. Ranar da ya ɗauko doya ya taka mai a tsakiyar hawa, injin ya yi ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, fistin da ke cikin injin ya narke.

Mutum idan kunya ta kama shi, yakan nemi wanda zai rataya wa laifi, kuma na kusa ya fi sauƙin kamu. Tanimu ya tsaya tsakiyar garejin da Barau ke aiki ya ɗaga murya, ya ce na'urar jabu Barau ya sa masa. A ƙa'idar garejin kuwa, duk wanda aka kama da kayan jabu, rumfarsa ake rushewa a kore shi.

Aka kai magana gaban Sarkin Makanikai, wani dattijo Baba Ilu. Ya leƙa cikin injin ya daɗe, ya shafa turbon, ya dubi Tanimu. Sai ya ce, "Alhaji, a kawo mana sikelin da kake awon kaya, da buhun doya biyu."

Aka kawo. Aka ɗora buhu ɗaya, allura ta tafi har ƙarshe ta tsaya. Aka ɗora na biyu, ba ta motsa ba.

Baba Ilu ya ce, "Me sikelinka ya ce?"

"Kilo ɗari, ranka ya daɗe."

"Abin da ke kansa fa?"

"Ya kusa ninki biyu."

"To, ashe jabu ne. Faɗi wanda ya sayar maka, mu aika a rushe rumfarsa."

Tanimu ya ce, "Haba, ranka ya daɗe! Ai ba ƙarya ya yi ba. Iyakarsa ke nan, mu muka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa."

Dattijon ya ce, "Ka yanke hukunci da bakinka. Na'urar nan ta faɗi gaskiya har inda aka yi ta ta kai. Da iska ta wuce nan, sai ta ci gaba da maimaita lambarta ta ƙarshe. Ƙwaƙwalwar motar ta gaskata ta, ta zuba man buhu ɗaya alhali iskar buhu biyu ke shiga. Mai ya yi kaɗan, zafi ya yi yawa, ƙarfe ya narke. Turbon nan kuma ba aikin garejinmu ba ne. Barau, rumfarka tana nan."

Ba asarar injin ce ta dami Tanimu a lokacin ba, sai tunanin cewa saura kaɗan ya raba amininsa da abincin iyalinsa don ya rufe wautar kansa. Ya bi Barau har rumfa, ya ce, "Barau, ka yafe mini."

Barau ya ci gaba da goge sifana, ya ce, "Ba komai, Alhaji."

Bai taɓa kiransa Alhaji ba sai ranar. Nan Tanimu ya tsaya yana tuna duk "ba komai" da ya sha ji tsawon shekaru, ya rasa gane tun yaushe allurar ta kai ƙarshe shi kuwa yana ta ƙara buhu.

Ya sayi wani injin, amma a wata rumfar ake gyara masa. Suna gaisawa a masallaci, gaisuwar da ba ta wuce tambayar gida da aiki. Har ya tsufa, in ya hau Hawan Kibo yakan sassauta ƙafa.

Shi ya sa masu hankali ba sa jiran ma'auni ya yi kuka, domin idan ya cika amsarsa ba ta sakewa. Haka haƙurin aboki yake: wanda ya ji "ba komai" kullum, ya duba nauyin da yake ɗorawa.