Kara Tara da Malam Ya Ɗaura wa Zare

Malaminmu, Allah Ya jiƙansa da rahama, kogin ilmi ne, mai tsantseni da zuhudu, wanda bai taɓa kai wa bakinsa abin da bai san asalinsa ba, kuma ba ya ɗaga murya ko da a kan akuyar da ta yi masa ɓarna. Daga cikin karamominsa akwai wadda na gani da idona, har yau kuwa ba na ba da labarinta ba tare da ƙwalla ba.

Mahaifinmu ya rasu da bazara, ya bar mana irin masarar da ya yi shekara talatin yana zaɓa da hannunsa. Ƙa'idarsa ita ce ba a shuka iri duka, sai an rage wani abu a tukunya saboda halin damina. Ni kuwa, da rawar kai irin ta sabon magaji, na juye shi kaf a gona. Da damina ta raba tsakiya, masara ta kai ƙugu, sai tsutsa ta auka mata tana cin zuciyar kara, har ganyen ya koma kamar tsohuwar tabarma.

Muna zaune muna shirin baɗi, taki buhu nawa, maganin feshi nawa, sai yayana ya ce, "Iri kam sai na kasuwa, na Baba ya tafi." Inna tana bakin ƙofa ta ji. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce, "Ashe sau biyu zan yi rashinsa."

Na tafi wurin Malam, kunya kamar ta kashe ni. Ya saurare ni, ya ɗauki sandarsa alhali jikinsa ba ƙwari, muka taka har gonar. Manomi yakan yi wa karan da ya fi kyau alama don ya zama iri, amma Shehin Malami sai ya wuce 'yan masu dama-dama, ya zaro zare daga bakin mayafinsa, ya ɗaura wa kara tara mafiya rama, leɓensa na motsi da addu'a.

Na ce, "Allah gafarta Malam, waɗannan ai sun mutu."

Ya ce, "Ba kai ka ba su rai ba. Yi musu noma, ka bar sauran ga Mai su."

Gonar ta lalace duka, har masu dama-damar, amma taran nan kowanne ya yi goyo biyu, cike fal, babu cin tsutsa ko ɗaya. Ranar da na karye su na kai wa Inna, ta ɓare ɗaya, ta daɗe tana duban ƙwayar, ta ce, "Shi ne," ta rungume tana kuka. Na ɗauki biyu na nufi gidan Malam don in nuna masa, sai na tarar da mutane zaune jugum a ƙofar gida. Ashe da hantsin nan Allah Ya karɓi abinSa.

Tsarki ya tabbata ga Mai rayar da matacce. Allah Ya haskaka kabarin bawan nan naSa, Ya haɗa shi da mahaifinmu a Aljanna, Ya ba mu albarkacinsu, amin.