Mangwarorin Baba Lansine

Akwai wani dattijo da aka yi a garinmu Kankan, ana ce masa Baba Lansine Kuruma. Shekara ashirin da biyu ya yi yana aikin lebura a ofishin ruwa a zamanin Faransawa. Duk bututun da ke ƙarƙashin garin, da hannunsa aka binne shi, amma ko harafi ɗaya bai iya karantawa ba.

Yana da wata ɗabi'a da mutane ke yi wa dariya. Duk inda aka binne makullin bututu, wato ƙarfen da ake murɗawa a tsayar da ruwa, sai ya auna taku bakwai gabas, ya dasa ƙwallon mangwaro.

Akawun ofishin kuwa, Kemoko Konde, saurayi ne da ya yi karatu har Dakar. Kai, Kemoko akwai ji da kai! Ko gaisuwa ka yi masa, da Faransanci zai amsa maka.

Wata rana ya tarar da dattijon yana ba wani tsiro ruwa, ya ce, "Tsoho, nan ofishin ruwa ne ko gonarka? Bature yana da taswirar komai a durowa, kai kana nan kana fama da ƙwallon mangwaro."

Baba Lansine ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai durowar ta Bature ce."

Amsar nan ta ƙona wa Kemoko rai. Ba a yi wata biyu ba ya sa aka sallami dattijon, wai ya tsufa.

A shekarar 1958 iyayenmu suka kaɗa ƙuri'ar "A'a" ga ci gaba da zama ƙarƙashin Faransawa, ƙasarmu Gini ta karɓi 'yancinta. Turawa suka tattara kayansu cikin fushi. Baturen injiniyan ruwan garinmu ya kwashe taswirorin nan kakaf ya cusa a akwati. Yana shiga mota ya ce, "Kafin damina za ku koma ɗibar ruwan kogi, ku aiko a roƙe mu mu dawo."

Aka naɗa Kemoko shugaban ofishi. Sati uku tak, babban bututu ya fashe kusa da kasuwa. Ba halin gyara sai an rufe makullinsa, kuma ba wanda ya san inda yake. Kwana biyu ana haƙa ramuka a banza. Famfuna suka bushe, mata suka koma kogin Milo, yara suka fara gudawa. Har wasu suka soma cewa ashe Bature ya faɗi gaskiya.

Da safiyar kwana na uku Kemoko ya tafi gidan Baba Lansine. Ya same shi yana cin acca da miyar ganyen rogo. Ya cire hula, ya durƙusa, ya ce, "Baba, da kunyata na zo. Gari ba ruwa."

Dattijon ya ce, "Na sani. Matata Saran tun jiya take yi mini faɗa kamar ni na fasa shi. Yau ka tuna da yaren uwarka ke nan?"

Kemoko ya sunkuyar da kai.

Baba Lansine ya wanke hannu, ya wuce gaba har gindin wani mangwaro da masu sayar da gyaɗa ke zama. Ya jingina bayansa da bishiyar, ya yi taku bakwai yamma, ya ce, "Ku haƙa nan."

Ba a yi nisa ba diga ta daki ƙarfe. Aka murɗa, ruwa ya tsaya. Kafin la'asar an ɗaure bututu, famfuna suka kawo, mata suka ɓarke da guɗa.

Kemoko da hawaye ya ce, "Baba, bishiyoyin nan nawa ne?"

Ya ce, "Arba'in da ɗaya. Je ka ɗauko takardarka, ni in auna, kai ka rubuta. Yanzu durowar tamu ce."

Ni kaina na sha mangwaron nan ina yaro, ban san wanda ya dasa ba sai da na girma. Wallahi duk sanda na tuna, sai na ji godiya ta cika mini zuciya. Allah Ya ji ƙan Baba Lansine.

Darasi: Kada ka raina mutum don bai iya karatu ba, wataƙila abin da ya sani shi zai ceci garinku. 'Yancin da muke taƙama da shi, akwai talakawan da suka tallafe shi ba a ko rubuta sunayensu ba. Ku tura wa 'yan'uwa, mu taru mu yi musu addu'a.