Furen Kurmi Mai Ƙyallin Man Shanu

Dalilin da ya sa ɗan furen nan mai ruwan ɗorawa na bakin kurmi yake ƙyalli kamar an shafa masa mai, shi kuke son ji? To ku nutsu. Kai kuma Ɗantani, yar da shi, ba abin kaiwa baki ba ne.

Da can furannin kurmi masu ruwan ɗorawa duk kamarsu ɗaya, babu mai ƙyalli. Amma akwai mugu guda a cikinsu. In saniya ta ci shi, baki ya ɗaye, nono ya ƙafe.

To akwai wata Bafulatana mai tallar nono, sunanta Dudu. Mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan 'ya'ya da saniya ɗaya tak. Wata safiya ta tarar da saniyar kwance, yawu na dalala, ɗan maraƙi na zungurar hantsa babu ko ɗigo. Dattawan ruga suka ce ko saniyar ta tashi, muddin ba a gane abin da ta ci ba sai ta sake ci, na biyun kuwa ba ya barin rai.

Dudu ta sungumi ƙwaryar man shanun da ta yi niyyar kaiwa kasuwa, ta biya ta kurmi. Ta tambayi furanni wane ne ya cuce ta. Kowa ya rantse ba shi ba ne, mai laifin ya fi kowa rantsuwa. Ta ce za ta cinna wa kurmin wuta. Suka tuna mata damina ce, kuma in ya ƙone, ina saniyar za ta yi kiwo?

Sai ta durƙusa tana tsinkar kowane fure tana ɗorawa a harshe. Ba ta sani ba ko abin da ya kayar da saniya zai ƙyale mutum, ga yara a gida ba kowa. Rana ta take, kasuwa ta wuce ta. Can a gindin wata kanya, inda ƙasa ke da danshi, harshenta ya ɗau zafi kamar ta lashi garwashi. Ta dumbuzi mai ta cusa a baki, da wannan hannun ta damƙi furen.

"Ashe kai ne, munafuki."

"Baiwar Allah, goge mini man nan, kowa zai gane ni."

"Ranar da saniyata ta miƙe, na zo na goge."

Saniya kam ta miƙe. Amma kun san Fulani da bin ciyawa, a cikin makon nan rugar ta tashi. Dudu ta ɗaure ƙoranta ta bi ayari, baki a kumbure, ko waiwayar kurmin ba ta yi ba.

Shi ya sa har yau, duk dukan da ruwan sama ke yi masa, man bai fita ba. Saniya na hango ƙyallin take kau da kai. Shi kuwa yana nan a inuwa, fuska sama, yana jiran Dudu.